Fita da'awa ƙauye bayan ritaya: yadda dattijo da uwargidansa za su shirya daga Zariya

Tun da kawuna da uwargidansa suka yi zaman wata uku a wani ƙauye ta wajen Soba suna karantarwa, tambaya ba ta yanke mini ba. Yawancin masu tambayar ma ba dattawan ba ne, 'ya'yansu ne. Baba ya ajiye aiki, Mama ta aurar da auta, su biyun sun ce suna so su ba addini sauran ƙarfinsu. To ta ina za a fara, me za a kashe, kuma ina ramin yake? Ni na riƙe musu lissafi da zirga-zirgar takardu, saboda haka abin da zan jero nan wanda na gani ne da wanda na ji daga bakinsu. Ku bi matakan yadda suke a jere. Wanda ya sayi littattafai kafin ya ga likita ya fara daga wutsiya.

1. Ku fara daidaitawa a cikin gida

Malam da Hajiya su zauna su biyu, ba da 'ya'ya ba tukuna. Tambaya uku za su amsa wa juna: wata nawa, me kowa zai koyar, kuma me zai sa a naɗe tabarma a dawo ko lokaci bai cika ba. Ga zuwan farko, wata biyu zuwa uku ya isa. Shekara guda tana da daɗin faɗa a falo, amma gwiwa da baya ba su san da wannan maganar ba.

Hattara: kada Hajiya ta tafi don kawai Malam ya ce a tafi. Rabin aikin nata ne, zan zo kansa a mataki na 10, kuma macen da aka kai don girki da wanki za ta ƙosa tun kafin wata ya kama. Idan Malam yana da mata fiye da ɗaya, a warware maganar wacce za ta bi shi da maganar kwana tun yanzu, da yardar kowa. Manzon Allah (SAW) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A tambayi malami yadda za a yi, kada a bar abin ya zama gaba.

Sai a kira 'ya'ya. A naɗa guda ɗaya, ɗaya tak, ya zama shi ne mai magana da su kullum da yamma, shi ke tura kuɗi, shi ake kira in wani abu ya taso. In aka ce kowa ya riƙa kira, ranar da ake bukata kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ya kira.

2. Asibiti kafin komai

Aƙalla wata guda kafin tafiya, su biyun su je a duba su: hawan jini, sukari, ƙoda, ido da haƙori. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana nan, babban asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan yana nan. Dalilin wata guda shi ne in likita ya canja magani, a ga yadda jiki ya karɓe shi ana gida, ba ana ƙauye ba. Ku gaya wa likita gaskiyar inda za ku da tsawon zaman, ku roƙe shi ya rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa a takarda guda. A yi kwafi uku: ɗaya a jaka, ɗaya wajen ɗan da aka naɗa, ɗaya wajen mai masauki.

Ido ya fi kowane abu ba dattawa kunya a wurin karatu. Wanda zai biya wa mutane baƙi da wasali a hasken fitila dole tabaraunsa ya zama na yanzu, kuma ya riƙe biyu. In akwai yanar ido da ta nuna, a yi aikin a warke sannan a tafi.

Magani kuma a saya na dukan zaman, a ƙara na mako biyu a kai. Kada ku dogara da ɗan kemis ɗin ƙauye wajen maganin hawan jini ko na sukari: wani lokaci babu, wani lokaci akwai amma rana ta gama dafa shi a kan kanta. Mai allurar insulin ya tambayi likita yadda zai adana ta inda babu firij. Abin da aka saba yi shi ne a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, amma likita ne zai faɗi kwanakin da za ta ɗauka bayan an buɗe. A sayi na'urar awon jini ta hannu mai batir, a koya wa su biyun yadda ake ɗaura ta, don kowa ya iya auna ɗan'uwansa.

Hattara: wanda likita ya ce kada ya yi nisa da asibiti, maganar ta ƙare a nan. Akwai makarantun manya a Tudun Wada, Samaru, Gyallesu da cikin birni da ke neman mai koyarwa, lada ba ta ƙauye kaɗai ba ce.

3. Ku shiga ƙarƙashin wata inuwa, ku karɓi takarda

Kada ku tafi a matsayin ku kaɗai. A wannan zamani baƙon da ya sauka ƙauye ba wanda ya san wa ya aiko shi, zargi yake jawowa, ko da furfura ta cika masa gemu. Ku je wajen kwamitin da'awa na masallacin Juma'ar unguwarku, ko ofishin Jama'atu Nasril Islam, wadda tun 1962 take wannan aiki, ko ƙungiyar da kuke ciki, Izala ce ko Fityanul Islam. Hajiya kuma ta nemi reshen FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi da aka kafa a 1985. Su suka fi sanin garuruwan da mata ke neman malama.

Abin da za ku karɓo shi ne takardar gabatarwa mai hatimi, ɗauke da sunayenku, garin da za ku, da ranar farawa da gamawa. Da ita za a je wajen hakimin yankin, shi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya haɗa ku da mai unguwa da liman. Wannan tsani na masarautar Zazzau ba a tsallake masa mataki. Wanda ya fara sauka wajen liman bai gaida dagaci ba, zai yi wata guda yana gyaran abin da gaisuwar minti goma za ta hana.

Ku sani kuma Jihar Kaduna tana da dokar tsara wa'azi tun 1984, an sabunta ta a 2019. Ku bi ta sakatariyar ƙaramar hukumar ku tambayi abin da ake bukata a lokacin da za ku tafi, ku kai kwafin takardarku ofishin 'yan sandan yankin. Ba a biyan kowa kuɗi don ya karɓi kwafin takarda.

4. Zaɓen gari da zuwa gani da ido

Sharaɗi na farko: garin ne ya nema. In ba su nema ba, ko mutum ɗaya ne ya nema don ya ci galaba a kan wani ɓangare a rigimar masallaci, ku nemi wani garin.

Sharaɗi na biyu tsaro. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sassan Giwa da Birnin Gwari sun sha fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, kuma dattijo daga birni mai 'ya'ya ma'aikata shi ne irin wanda ake nema. Kada ku yanke hukunci da labarin bara, ko mai kyau ko mara kyau. Ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, su ne ba sa ɓoye gaskiya, sannan hakimi, sannan DPO. In maganarsu ta saɓa, ku ɗauki mafi tsanani.

Sai a tura ɗa ko ƙane ya je ya kwana ɗaya. Ga abin da zai dubo:

Ɗakin da za a ba su, rufinsa da ƙofarsa da sakata. Bayan gida, nisansa da ɗaki da faɗin bakin masai. Rijiya ce ko famfon burtsatse, kuma wa zai riƙa ɗebo musu. Wane layin waya ke kamawa, a cikin ɗaki ko sai an hau tudu. Ina asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, akwai ma'aikaci da dare ko babu. Wa ke da mota a garin da za a iya tasa da tsakar dare, a karɓo lambarsa. Wace rana kasuwa ke ci. Kuma wane irin karatu ake yi a makarantar allon garin, sannan masallaci nawa ne, me ya raba su in sun fi ɗaya.

Hattara: kada a karɓi masauki a gidan mai neman sarauta ko ɗan takara. Ɗakin da ke jikin masallaci ko makaranta, ko wanda dagaci ya bayar da sunan gari, ya fi ko da bai kai wancan kyau ba.

5. Lokacin tafiya

Daga Disamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, akwai hatsi a rumbu, hanya ta bushe, sauro ya ragu. Damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ba wanda zai bar gona ya zo ya zauna gabanka, hanya kuma sai a hankali. Maris da Afrilu zafi ne da sanƙarau, ba na tsoho ba ne. A garuruwan da ke da fadama, masu noman rani na tumatir da albasa da rake suna gona har a wannan lokaci, sai a mai da karatun maza dare. Sanyin hunturu kuwa a ƙauye ya fi na gari cizo, a riƙe bargo biyu da safa da man shafawa.

6. Kuɗi, fansho da gidan da za a bari

Ba zan rubuta farashi ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 lissafin wata uku baya ba ya aiki yau. Ku ɗauki takarda ku shiga kasuwar Sabon Gari ku cike layukan nan da farashin ranar: mota zuwa da dawowa, har da zuwan duba gida sau ɗaya a tsakiya, magani, abinci, kayan karatu, gyaran masauki, irin su ƙofa, ragar taga da simintin bayan gida, kuɗin mai ɗebo ruwa da mai itace ko gawayi, goron gaisuwa, katin waya. A layin abinci ku rubuta ninki biyu na abin da kuke ci a gida, don ba za ku taɓa cin tuwo ku biyu kaɗai ba. In kun haɗa jimilla, ku ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai, ku bar shi a asusun ɗan da aka naɗa. Wannan na ranar da za a ɗauki shatar mota zuwa Shika ne, ba a taɓa shi don wani abu.

Tsabar kuɗi kaɗan za a riƙe, kuma ƙananan takardu. Sauran a riƙa cira wajen mai POS ranar kasuwa, da sanin cewa cajinsa ya fi na cikin gari. Kada Malam ya ba yaro katinsa da lambar sirri ya aike shi.

Mai karɓar fansho ya tabbatar babu tantancewa da za ta faɗo yana can. Na tarayya da ke ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari, suna da tabbatarwar nan ta cewa mutum yana raye, da ake yi lokaci-lokaci ta waya ko kwamfuta. A yi ta kafin a tafi. Na jiha su leƙa hukumar fanshonsu su tambaya. Layin wayar da ke haɗe da banki ya kasance yana hannunsu kuma yana aiki.

Gida kuma a bar mutum a ciki, ba kwaɗo kaɗai ba. Sannan a rubuta wasiyya: bashin da ake bin Malam, wanda yake bi, ajiyar mutane da ke hannunsa, da adashin da Hajiya take ciki. Wasu 'ya'yan ba sa son jin wannan magana, suna cewa kamar ana kiran mutuwa. Sunna ce, ko ba tafiya.

Hattara: in wani ya ba da gudummawa, a rubuta sunansa da adadin da abin da ya ce a yi da ita. Kuɗin zakka ba a cakuɗa shi da kuɗin abinci ko na mota sai an tambayi malami.

7. Kayan da za a ɗauka

Na karatu: Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, na ruwayar Warshu da na ruwayar Hafsu duka. Fassarar Hausa, irin ta marigayi Sheikh Abubakar Gumi. Ahalari da Ishmawi da Iziyya, waɗanda su mutanen karkara suka sani kuma suka yarda da su, da Arba'una Hadisi. Ƙa'idar koyon baƙi kwafi da yawa, ƙaramin allon bango, alli, littattafan rubutu da fensir. Littafin rajista guda biyu, na maza da na mata.

Na zama: gidan sauro mai magani, katifa mai ɗan tauri, fitilar sola biyu da abin cajin waya, tocila a ƙarƙashin filo saboda fita da dare, takalmi rufaffe, bokiti mai murfi, butoci, risho ko ƙaramin gas. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa. A riƙe gishirin ORS, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Abu ɗaya da ba wanda ke tunawa sai an isa: tsuguno. Dattijon da ya shekara ashirin yana amfani da bayan gida na zama ba zai iya masai ba, in ya iya tsugunawa ma tashin ne aiki. Kafinta zai yi kujerar katako mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, a ɗora a kan bakin masan. Ta kawuna a Tudun Wada aka ƙera ta, Hajiya ta naɗe ta da tsohon zane don kada a gane mene ne a saman mota.

Abin da za a bari a gida: lasifika, janareta, babbar mota, gwala-gwalai, manyan riguna masu aiki. A kai su da mota a sauke, motar ta koma.

8. Makon farko: gaisuwa kawai

Ku isa da rana tsaka, ba da yamma ba, kuma ba ranar kasuwa ba. Daga mota sai ƙofar dagaci. Malam ya cire takalmi, ya ce ranka ya daɗe, ya miƙa takarda da goro, ya faɗi abin da ya kawo su a taƙaice. Daga nan wajen liman: Allah gafarta Malam, mun zo ne mu taya ka, kai ne da gari. Hajiya a shigar da ita cikin gida wajen uwargidan dagaci, sannan matar liman, sannan ungozoma, wadda babu gidan da ba ta sani ba.

Kwana bakwai ɗin nan ba a buɗe littafi. A yi salla a bayan liman, a je suna, a je ta'aziyya, a zauna a dandali a saurara. In akwai Kiristoci ko Maguzawa a garin ko a unguwannin gefe, a je a gaida manyansu kamar yadda aka gaida kowa. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba: ku za ku tafi, su za su ci gaba da zama da juna a rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya.

Maganar salla: a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye ya cika sallarsa, kuma tafiyar da ba ta kai mil 48 ba, kimanin kilomita 80, ba a yi mata ƙasaru. Da yawa daga ƙauyukan Kudan, Soba da Makarfi ba su kai haka daga Zariya ba.

Hattara: za a ce Malam ya shiga gaba ya ja salla, har a nace. Ya ƙi cikin ladabi. Ranar da ya karɓi limanci ya yi abokin gaba, kuma in ya tafi ya bar mutane suna raina wanda za su ci gaba da bi. Haka kuma kada bakinsa ya suɓuce da alkawarin rijiya ko rufin masallaci. A ƙauye "za mu duba" alkawari ne, za a riƙe shi da shi.

9. Karatun maza

Lokaci biyu ne ke aiki: bayan Asuba na rabin awa, da tsakanin Magariba da Isha'i. Ranar kasuwa hutu, Alhamis da Juma'a kuma a bi al'adar makarantar allon garin.

Tsarin darasi a bi yadda Manzon Allah (SAW) ya tsara wa Mu'azu ɗan Jabal da zai tura shi Yaman: tauhidi, in sun karɓa sai salloli biyar, in sun karɓa sai zakka. A aikace wannan yana nufin kalmar shahada da ma'anarta, tsarki da alwala da wanka, Fatiha da gajerun surori, sannan gyaran salla da ƙabli da ba'adi. Tunda lokacin bayan girbi ne, zakkar hatsi za ta taso da kanta, a shirya mata. Wata uku ba ya ɗaukar fiye da haka. Wanda ya ce zai kai su gado da balaga zai tashi ba su iya alwala ba.

A raba magidanta da yara. Mai shekara hamsin ba zai buɗe baki ya karanta Fatiha da kuskure ɗansa yana zaune yana ji ba, sai dai ya daina zuwa ya ce ciwon baya. Kawuna ya gano wasu ma ko a gaban sa'o'insu ba sa iyawa, sai ya riƙa zama a ƙofar ɗaki da hantsi da butar shayi. Mutum ya zo kamar gaisuwa, in ya ga ba kowa sai ya matso ya rage murya ya ce, Malam, ɗan saurara mini tahiya. Mafi yawan gyaran da aka samu a nan aka same shi, ba a masallaci ba.

Hattara da abin da ba kuskure ba ne. Makarantun allo da Warshu suke karatu, Islamiyyun cikin gari da Hafsu. In ka ji mutum ya ce "maliki yaumiddin" bai ja ba, ruwayarsa ke nan, kada ka gyara. Haka sakin hannu da kama hannu a salla. Rigimar ɗariƙa da Izala kuwa, ko wane ɓangare Malam yake, ba ita aka gayyace shi ya yi ba. In an tambaye shi don a ji bakinsa, ya ce wannan sai manyan malamai, mu koma alwala. In liman ya yi kuskure na gaske, a same shi shi kaɗai, a kawo abin kamar tambaya.

Wanda ba Musulmi ba in ya zo ya zauna, a yi masa maraba, a amsa tambayarsa. In ya ce zai karɓi addini, don kansa, a kira liman da shaidu. Ba a haɗa wannan da kyautar atamfa ko buhun shinkafa, ba a kuma karɓar yaro ƙarami a bayan idon iyayensa. Babu tilas a addini, aya ta 256 ce a Baƙara.

10. Aikin Hajiya a cikin gidaje

Nan ne amfanin tafiyar mutum biyu yake. Malam iyakarsa zaure. Matan da ke ciki, waɗanda su ke koya wa yara bisimilla ta farko, ba mai kai musu karatu sai mace, kuma dattijuwa ta fi, domin ba mijin da zai hana ta shiga, ba matar da za ta yi kishi da ita. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: jajin 'Yan Taru na Nana Asma'u dattawan mata ne da ke kai karatu ƙauyuka.

A fara da izinin maza. Liman ya sanar bayan sallar Juma'a, dagaci ya ba da tsakar gidansa ko na wani dattijo da kowa ya yarda matarsa ta shiga. Lokaci tsakanin Azahar da La'asar, kafin a ɗora sanwar dare. Awa ɗaya, kada ta wuce. Ranar da tuwo ya makara saboda karatu, washegari an hana mata biyar fita.

Za su zo da goyo, da saƙar tabarma, da gyaɗar ɓara. A bar su. Hajiya ta zauna a tabarma tare da su, ba a kujera ba in gwiwa ta yarda, ta koyar da baki da maimaitawa, domin da yawansu ba su taɓa riƙe fensir ba. Alwala da wanka a nuna su da buta a gabansu, a sa kowace ta yi.

Tambayoyin gaske ba sa fitowa a taro. Haila da ta rikice, jinin biƙi da ranar da za a koma salla, ramuwar azumin mai shayarwa, wankan janaba, wankan gawar mace. Waɗannan sai an watse wata ta dawo ta ce, Inna, na manta mayafina. Hajiya ta tanadi wannan lokacin, ta kuma sake bitar waɗannan babuka da malama tun a Zariya. Abin da ba ta sani ba ta rubuta ba tare da suna ba, a tambayi malami ta waya. Ko Malam ba ta gaya masa wacce ta yi tambayar.

Hattara da gidan kishiyoyi. In ta shiga gida mai mata biyu ko uku, ta fara gaida uwargida, ta zauna a tsakar gida. In ta sha ruwa a ɗakin wannan yau, gobe ta sha a na waccan. Matar kawuna ta zauna sau biyu a jere a ɗakin wata amarya don kawai nan ne inuwa take, uwargidan ta ɗauke ƙafa ita da 'ya'yanta mata, sai da matar liman ta shiga tsakani. Za a kawo mata ƙarar miji da ta uwar miji. Ta saurara, ta ba da haƙuri, amma shari'ar aure ta liman da dagaci ce. Haka za a kawo mata yaro mai zazzaɓi ko mai ciki da ƙafa ta kumbura. Kada ta buɗe jakar maganinta, ta matsa a kai asibiti.

11. Wanda zai ci gaba, da komawa gida

Tun mako na biyu a fara sa ido: maza biyu, mata biyu, mazauna garin da ba sa tafiya cin rani, waɗanda liman ya amince da su. A riƙa ba su ƙarin karatu daban. A wata na biyu su fara biya wa 'yan'uwansu Malam da Hajiya na zaune. A makonni biyun ƙarshe su ke jan darasin gaba ɗaya. In ba a yi haka ba, ranar da mota ta ɗauke ku ranar makaranta ta tashi.

Littattafai da allo da rajista a miƙa su a gaban dagaci da liman, a rubuta abin da aka bari. Kyautar da gari zai yi, kaza ko kwaryar dawa, a karɓa a yi godiya. Kuɗi kuwa a mayar da shi cikin alli da littattafai. A bi gida-gida a yi sallama da neman gafara, har gidajen da ba su taɓa zuwa karatu ba.

Za a roƙe ku ku tafi da yaro Zariya ya yi karatu. Kada ku ce to sai kun san makarantar da zai shiga, ɗakin da zai kwana, da wanda zai ci da shi har ya gama. In babu ɗaya daga cikin ukun, ku ce a'a tun a can.

Da an dawo, a cikin makon farko a koma asibiti a sake awon jini da sukari, zazzaɓi ko kaɗan a yi gwajin maleriya. A kai wa kwamitin da ya ba da takarda rahoto shafi ɗaya da lissafin kuɗin gudummawa. Sannan a sa ranar da za a leƙa garin, kada ta wuce wata biyu, a kira magadan nan huɗu a gaya musu ranar, a tafi musu da alli.